Hannun Wa Za Mu Damƙa Su? Buƙatar Ƙwararrun Masu Jinyar Shaye-shaye a Ƙasar Sabon Birni da Isa

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya)





Kwamitin shirya taron bana ya ɗora mana nauyin yin magana a kan shaye-shaye a tsakanin matasanmu. Mun karɓa, amma mun roƙi arziki a bar mu mu kauce wa hanyar da aka saba bi. Shekara da shekaru ana tara mu a zaure irin wannan, a jera mana sunayen ƙwayoyi, a faɗa mana illarsu, mu girgiza kai, mu yi addu'a, mu watse. Babu wanda ke zaune a nan da bai san illar tiramol ko kodin ko wiwi ko sholisho ba. Da yawa daga cikinmu a tsakar gidajensu suka ga illar. Tambayar da muke so mu tsaya a kanta yau ita ce wadda ba a cika yi ba. Idan yaron nan da muke ta yi wa faɗa ya wayi gari ya ce ya gaji, yana so ya bari, hannun wa za mu damƙa shi? A Sabon Birni, ko Isa, ko Gatawa, ko Unguwar Lalle, ko Bafarawa, mutum nawa ne suka yi karatun wannan aiki har suka ƙware a kansa, kamar yadda ungozoma ke ƙwarewa a kan haihuwa? Kowa ya ƙirga a zuciyarsa, ya ga ko zai cika yatsun hannu ɗaya.

Girman matsalar

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken farko na ƙasa baki ɗaya a kan shan ƙwayoyi, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da cibiyar bincike ta CRISA da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka, wato UNODC, da kuɗin Tarayyar Turai. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wata ƙwaya a cikin shekara ɗaya, ban da taba da giya. Wannan kashi 14.4 ne cikin ɗari, alhali matsakaicin duniya a lokacin kashi 5.6 ne. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan dangin tiramol da kodin ba da umurnin likita ba miliyan 4.6, masu kwankwaɗar maganin tari kuma miliyan 2.4. A shiyyarmu ta arewa maso yamma an sami kashi 12, kimanin mutum miliyan 3. Kano ce a gaba da kashi 16, Zamfara tana da 13.5, Sakkwato kuma kashi 9, wato mutum wajen 230,000.

Kada kashi 9 ɗin nan ya sa mu miƙe ƙafa. Isa kafaɗa da kafaɗa take da Shinkafi, Sabon Birni kuma ƙofa ce ta shiga ƙasar Maraɗi, ƙwaya kuwa ba ta san iyakar jiha ba, balle ta ƙasa. Ban da haka, a 2017 aka tattara waɗannan alƙaluma, kafin masifar da ta auka wa yankinmu ta kai inda ta kai.

Akwai lambobi biyu a cikin wannan bincike da suka fi shafar maganarmu ta yau. Cikin kowane mutum biyar masu shan ƙwaya, ɗaya ya riga ya kamu, ya kai matsayin da ba zai iya bari da ƙashin kansa ba. A ƙasa baki ɗaya sun kusa miliyan 3. Sannan cikin waɗanda shansu ya fi muni, kusan kashi 40 cikin ɗari sun ce sun nemi magani ba su samu ba. Ashe ba dukkansu ne suka kangare ba. Akwai masu ƙwanƙwasa ƙofa, ba mai buɗewa. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma galibinsu a manyan birane suke.

Abin da ya bambanta ƙasarmu

Da a ce a wani gari mai zaman lafiya ake wannan jawabi, da sai mu yi maganar zaman banza da miyagun abokai mu tsaya nan. Mu kuwa namu ya wuce haka. A ƙarshen watan Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A Disamban 2021 an ƙone matafiya da ransu a cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu da rahama. Tun daga 2019 dubban 'yan'uwanmu suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wasu kuma suka watsu a Sakkwato da sauran garuruwa. Ba mu ambaci waɗannan don mu fama wa kowa gyambo ba. Mun ambace su ne saboda masana lafiyar ƙwaƙwalwa a duk duniya sun daɗe da sanin cewa firgici da shaye-shaye tagwaye ne. Wanda aka yanka mahaifinsa a gabansa, ko matar da ta yi wata biyu a daji kafin a biya kuɗin fansarta, idan dare ya yi ba barci suke yi ba. Sai wani ya ce, je ka kemis, akwai 'yar ƙwaya mai sa barci. Daren farko ta yi aiki. Bayan wata uku ba a iya runtsawa sai da ita, kuma ɗaya ba ta isa.

Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya girmi rikicin. Manomin fadama mai ban-ruwan albasa da tafarnuwa, da ɗan kabu-kabu, da ɗan ga-ruwa, da ɗan ci-ranin da ke dako a Legas ko Ibadan, da yawansu ba don nishaɗi suka fara shan tiramol ba. Don su yi aikin mutum biyu ne ba tare da jin gajiya ba. Irin wannan mutum yana salla, yana ciyar da iyalinsa, ba ya sata, kuma in ka kira shi ɗan ƙwaya sai ya yi rigima da kai.

Akwai wani rukuni da ba ma son ambatonsa, amma dole ne. Yaran da ke cikin daji da bindiga, da wasu daga cikin waɗanda suka ɗauki makami don kare garuruwansu, ƙwaya tana cikin guzurinsu. Sau da dama hukumar NDLEA tana kama kayan da aka nufi dazuzzuka da su. Ranar da Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, kuma zai kawo, waɗannan yara za su ajiye bindiga, amma jarabar da ke jikinsu ba za ta ajiyu tare da ita ba. Cikinmu za su dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke yi yanzu, da iyakarsa

Hanyoyi uku muka sani: kamu, ɗauri, da wa'azi. Kowace tana da wurinta. An kafa NDLEA da doka ta 48 ta 1989, kuma toshe hanyar masu safara aiki ne da ba makawa. Haka gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a farkon watan Mayun 2018, kwanaki kaɗan bayan rahoton binciken da BBC ta fitar. Amma wanda ya riga ya kamu, in ka hana shi kodin, sai ya koma wa abin da ya samu.

Maganar ɗauri kuwa, kowa ya tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba, sannan wani a Daura a watan Oktoba, da yawansu da mari a ƙafa. Ba za mu zagi iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba. Uwar da ɗanta ya sayar da tukunyarta da katifarta, ya ɗaga mata hannu, in ba ta ga wata ƙofa ba, wadda ta gani za ta shiga. Laifin yana kan al'ummar da ba ta tanadar mata wata ƙofar ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyaci. Sai dai doka a takarda ba ta jinyar kowa. Mutum ne ke jinya.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu ga abin da ƙwaya ke yi a jiki, don a gane dalilin da ya sa kulle ɗaki bai wadatar ba, wani lokaci ma yana kisa. Iyakar tiramol da likita zai ba babban mutum a yini ɗaya miligiram 400 ne, kuma hukumar NAFDAC mai 50 da mai 100 kawai ta amince da su. Wanda ke yawo a kasuwannin bayan fage mai 200 ne, da 225, da 250. Wanda ya haɗiye biyu masu 225 da safe ya riga ya ƙetare iyakar yini guda. Yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, sai a ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiya, ba wanda ya tambayi abin da ke aljihun yaron. Idan jiki ya saba aka yanke masa, sai hamma da majina da zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso, har tsawon mako ɗaya ko fiye. Masu shan ƙwayoyin barci dangin diyazafam kuwa, yanke musu farat ɗaya yana iya kawo jijjigar da za ta kai su kabari. A hankali ake rage musu, a ƙarƙashin kulawar likita. Abin da ya fi ban tsoro shi ne wanda aka tsare wata uku aka sako. Jikinsa ya manta da ƙwayar, shi kuma bai manta adadin da yake sha ba. Ya koma wa wannan adadi a daren farko, numfashinsa ya tsaya. Akwai allura mai suna naloksan da ke farfaɗo da irin wannan in an yi ta a kan lokaci, amma sai an sami wanda ya san da ita, kuma ya gane abin da yake gani.

Fitar da ƙwaya daga jiki aikin kwana goma ne. Fitar da ita daga rayuwar mutum shi ne aikin watanni da shekaru, kuma shi ne aikin da muke magana a kai. Bincike ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi bayan sun sami sauƙi. Ba mu taɓa jin an kori mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa ba.

Wane irin karatu ne?

Za a ce, ai muna da malamai da dattawa masu nasiha, me kuma wani ɗan boko zai ƙara? Nasiha tana da daraja, ba mai musun haka. Amma a 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, ya fito da wata hanyar tattaunawa da masu shaye-shaye, wadda daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa. Abin da suka lura da shi, kowane uba a nan ya san shi: gwargwadon yadda ka matsa wa mutum da hujja, gwargwadon yadda zai ƙirƙiro hujjar kare kansa. Ka ce masa ƙwaya za ta kashe shi, ya ce wane yana sha shekara goma bai mutu ba. Ƙwararre yakan juya al'amarin. Tambaya yake yi, ya yi shiru, ya saurara, har mutumin da bakinsa ya faɗi abin da ƙwayar ta raba shi da shi: matar da ta yi yaji, gonar da aka jinginar, ɗiyar da ke ɓuya in ta ji shigowarsa. Maganar da mutum ya furta da kansa ta fi zama a zuciyarsa. A faɗe abin kamar da sauƙi. A aikace, mai koyo yakan yi watanni ana sauraren hirarsa da majinyata ana gyara masa kafin ya iya danne harshensa daga yin wa'azi.

Ana koya masa auna zurfin kamuwa da tambayoyin da aka gwada aka tabbatar, irin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara mai suna ASSIST, don ya bambance wanda hirar minti goma sha biyar za ta ishe shi da wanda sai an kwantar da shi a asibiti. Ana koya masa gane ciwon da ke ɓoye a ƙarƙashin shan: wannan wiwi ce ta taɓa masa kai, ko taɓin ne ya riga wiwin? Wannan baƙin ciki ne mai zurfi da zai iya kai shi ga hallaka kansa? Wannan firgicin harin bara ne? In ba a yi maganin na ƙasa ba, na sama zai dawo. Ana koya masa zama da majinyaci su bi sawun abin da ke tayar masa da sha'awar, wata majalisa ce, ko tashar mota, ko ranar kasuwa, ko ranar da kuɗin albasa suka shigo hannu, su shirya abin da zai yi in lokacin ya zo. Ana koya masa zama da iyali, domin sau da yawa uwa ce ke ba da kuɗin a ɓoye don kada ɗanta ya yi sata, uba kuma ya yi rantsuwa ba zai ƙara yi masa magana ba, kowannensu yana ganin gyara yake yi.

Sai riƙon sirri, wanda a ganinmu shi ne ginshiƙi a gari irin namu. A inda kowa ya san kowa, kuma ake binciken asali da hali kafin a ba da aure, saurayi ba zai taka ƙofar da ya san gobe labarinsa zai kai majalisa ba. Ma'aikacin da ya fallasa mutum ɗaya ya rufe ƙofar ga mutum ɗari.

Wannan ne ya sa muke cewa karatun gaba da digiri, ko gaba da takardar aikin jinya, ba bitar kwana uku a otal ba. Bita tana da amfani, amma wanda ya je ta yakan dawo da jaka da takardar shaida da kuɗin mota. Ƙwarewa tana buƙatar mutumin da ya riga ya san lafiyar ƙwaƙwalwa, nas ko likita ko masanin halayya ko jami'in walwalar jama'a, ya ƙara shekara ɗaya zuwa biyu yana karatu, yana kuma ganin majinyata a ƙarƙashin idon wanda ya fi shi. Akwai wani dalili kuma. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda manufarsa ita ce a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane cututtukan ƙwaƙwalwa da shaye-shaye da ba da taimakon farko, kuma Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka jagoranci gwada shi a Nijeriya. Amma shirin yana tafiya ne in akwai ƙwararre a kusa da zai koyar, ya riƙa zagayawa yana dubawa, a kuma tura masa abin da ya gagara. Mutum ɗaya mai zurfin karatu a Isa zai iya zama malamin ma'aikatan dukkan ɗakunan shan magani na ƙaramar hukumar.

Ina ake samunsa?

Ba daga sama za mu fara ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abekuta ya buɗe sashen jinyar masu shaye-shaye da koyarwa da bincike tun 1983. Daga 2013, a ƙarƙashin wani shiri na UNODC da Tarayyar Turai, an horar da ma'aikatan lafiya da na NDLEA da dama a kan jinyar masu shaye-shaye, aka kuma ware wasu asibitoci a matsayin cibiyoyin koyi. Akwai manhajar ƙasa da ƙasa ta ƙungiyar Colombo Plan, wadda ake kira UTC, ana koyar da ita a Nijeriya, kuma wanda ya kammala ya ci jarrabawa yana samun shaidar ƙwarewa da ake karɓa a ƙasashe da yawa. A waje, Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu tana da babbar difloma a kan kula da masu shaye-shaye, King's College ta Landan kuma tana da digiri na biyu a fannin.

Kusa da gida, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, a kan hanyar Illela, mai makarantar horar da nas-nas a wannan fanni, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Jami'ar kanta tana ba da digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi. Kayan haɗin suna nan a warwatse cikin da'irar da ba ta wuce tafiyar sa'a ɗaya ba. A ra'ayinmu, lokaci ya yi da 'ya'yan wannan yanki da ke koyarwa a jami'a za su kai wa hukumominta shawarar a haɗa su wuri ɗaya, a buɗe babbar difloma a kan jinyar masu shaye-shaye, karatu a jami'a, aiki a Kware.

To me ya sa sai ɗan gida? Ai ana iya turo ƙwararre daga ko'ina. Ana iyawa, in zai yarda ya zo, in kuma ya zo zai kwana. Amma wannan jinya da baki ake yin ta. Likitan fiɗa yana iya yanka wanda ba ya jin harshensa, ya ɗinke, mutum ya warke. Mai wannan aiki kuwa dole ya san me Bagobiri ke nufi in ya ce zuciyarsa ta ɓaci, ko kansa ya yi zafi, ko ya ce ba komai alhali akwai komai. Dole ya san cewa ɗan fari ba zai faɗi wasu abubuwa a gaban mahaifiyarsa ba, amma zai faɗa wa kakarsa ko ƙanen babansa. Dole ya iya zama da liman da mai unguwa ya mai da su abokan aiki. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna wannan tun 1954 a Aro, inda ya zaunar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Duniya ta zo ta koyi wannan tsari daga Nijeriya. Mu da muke da zumunci da gandu da dangi, mun fi kowa dacewa da shi.

Iyayenmu mata, wannan ɓangare naku ne. Binciken 2019 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce, amma a asibitocin jinya da ƙyar ake ganinsu. Matar aure da ta saba da maganin tari ko ƙwayar barci a cikin ɗakinta ba za ta je ta zauna gaban namiji baƙo ta buɗe cikinta ba, mijinta ma ba zai bari ba, in ma ya sani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Duk shirin da bai horar da mata ba ya bar rubu'in majinyatan a bayan labule.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Roƙonmu ba gini ba ne. Mun san yadda muke son gini, domin ana ganinsa, ana yanka kirtani, ana kafa allo da sunaye. Muna roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin mutum biyu kowace shekara, ɗaya daga Sabon Birni ɗaya daga Isa, kuma a tabbatar ɗayansu mace ce, su je su yi wannan karatu. A zaɓo su daga cikin waɗanda suka riga suka kama aiki a manyan asibitocin garuruwan biyu ko a sashen lafiya na ƙananan hukumomi, masu iyali a nan, waɗanda suka zauna da mu a shekarun da wasu suka nemi canjin wurin aiki. Manyanmu da ke gwamnati su taimaka a ba su hutun karatu da albashinsu, ƙungiya ta ɗauki kuɗin makaranta da na masauki.

Mun san abin da ma'aji zai ce, kuma yana da gaskiya: mu kashe kuɗi a kan mutum, ya sami takarda, ya haye jirgi zuwa Saudiyya ko Ingila kamar yadda likitoci da nas-nas ke yi. Wannan haɗari ne na gaske. Maganinsa yarjejeniya a rubuce, a gaban hakimi da iyayen wanda aka zaɓa, cewa zai yi wa yankin aiki shekara uku ko ya mayar da kuɗin. Wani zai karya alkawari duk da haka. In cikin shida huɗu suka tsaya, mun ci riba. Wani kuma zai ce a bari sai tsaro ya samu. Amsarmu ita ce karatun kansa shekara biyu ne, kuma waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Sakkwato suna buƙatar wannan taimako tun yau, a inda suke.

Idan suka dawo, ɗaki ɗaya a babban asibiti ya ishe su farawa, da sharaɗin kada a rubuta wani suna a ƙofarsa da zai sa mai shiga ya rufe fuska. A haɗa su da likitocin Kware ta waya, don a riƙa duba aikinsu, su kuma san lokacin da za su tura majinyaci gaba. Iyalin da ke Gatawa ba za su iya bin hanyar Goronyo kowane mako don hirar sa'a ɗaya ba, ga tsadar mota ga fargabar hanya. Malamanmu na Hausa da ke jami'o'i da kwalejoji su zauna da su a mayar da tambayoyin aunawa da littattafan koyarwa cikin Hausar da mutumin ƙauye zai gane, a gwada su a kan mutanenmu kafin a yi amfani da su. In an yi wannan, 'yan'uwanmu na Tsibiri da Maraɗi da Madawa ma za su amfana, domin harshen ɗaya ne, ƙwayar ma ɗaya ce. Tramol suke ce mata a can.

Game da kuɗi, ba mu zo da lissafi ba, domin ma'aji ya fi mu sanin abin da ke asusu. Muna dai roƙon a ɗauko abin da aka kashe bara a kan kalanda da kyaututtukan karramawa da abincin taro, a ajiye shi gefe ɗaya, a tambayi Kware da jami'a kuɗin karatun mutum biyu a ajiye a ɗaya gefen, a karanta wa zaure duka biyun. Mun miƙa wa sakatare wannan ƙuduri a rubuce, muna kuma roƙon mai girma shugaba ya sa shi cikin ajandar zaman gobe da safe, kafin a shiga maganar zaɓe, lokacin da zaure ke cike.